Tafawa Ɓalewa da darasin tsayuwa gaban jama'a

Wasu shekaru da suka wuce, ban daɗe da kammala digiri na uku a fannin kimiyyar harshe ba, ƙungiyar ci gaban unguwarmu a Zuru ta gayyace ni in yi jawabi a taron da ta kira domin tara kuɗin gyaran azuzuwa biyu na makarantar firamaren da yawancinmu muka yi, waɗanda iskar farkon damina ta kwashe wa rufi. Na yi kwana uku ina rubutu. Ranar taro na tsaya gaban lasifika da shafi goma sha biyu a hannu, na gaida manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya da muƙamansu, na ɗauko tarihin ilmin boko tun daga zuwan Turawa, ina yi ina sirkawa da Turanci domin a san an yi karatu. Da na zauna aka tafa mini, ni kuwa na ɗauka na gama aiki.

Da yamma wani kawuna, tsohon soja kamar dattawan ƙasar Zuru da yawa, ya kira ni gefe ya tambaye ni nawa ake bukata a rufa azuzuwan, kuma wa za a ba kuɗin. A nan ne na gane cewa a cikin kusan minti arba'in da na yi ina magana ban faɗi ko ɗaya daga cikin biyun ba. Bai yi mini faɗa ba. Ya dai ba ni labarin yadda suna samari suke taruwa a gindin akwatin rediyo idan Firayim Minista zai yi jawabi, kuma har wanda Turancinsa bai taka kara ya karya ba yakan tashi ya san abin da mutumin yake so a yi. Tun daga ranar na shiga bin sawun jawaban marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, na karanta waɗanda aka buga, na saurari waɗanda aka naɗa, har na mayar da su abin koyarwa a aji. Abin da na fahimta daga rayuwarsa shi nake so in raba da mai karatu a yau.

Duniya ta san shi da laƙabin Muryar Zinare ta Afirka, kuma ko shakka babu Allah Ya hore masa murya mai kauri da daɗin saurare. Sai dai wannan laƙabi ya yi mana wata ɓarna, domin ya sa muna ɗaukar iya jawabi a matsayin baiwa tsantsa, wadda ko dai an haife ka da ita ko kuwa ka haƙura. Wanda ya bi tarihin mutumin daki-daki zai ga cewa muryar ita ce kaɗai abin da ya samu kyauta. Sauran duk koyo ne, da gwaji, da tuntuɓe, da gyara.

An haife shi a watan Disamba na 1912 a garin Tafawa Ɓalewa da ke ƙasar Bauchi. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, Bagere ne da ke hidima a gidan Ajiyan Bauchi. Wato dai Abubakar bai fito daga gidan sarauta ba, bai kuma fito daga babbar ƙabila ba. Wannan batu yana taɓa ni ƙwarai a matsayina na ɗan Zuru, inda yaro kan tashi da C'lela ko wani harshe na ƙasarmu a gida, ya yi ciniki da Hausa a kasuwa, ya yi jarrabawa da Turanci. Irinmu ba a sauraronmu domin sunan gidanmu. Idan muka tashi a taro, abin da ke bakinmu shi ne kawai jarinmu. Haka shi ma ya taso.

Bayan karatun allo da makarantar elementare da ta lardi a Bauchi, ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ya fita a 1933. Kwalejin ta yi suna wajen horar da ɗalibanta furta Turanci tsaf, kuma a nan ne aka goge harshensa. Amma a ganina babbar makarantarsa ta jawabi ita ce ajin da ya koma ya koyar a Midil ta Bauchi, inda daga baya ya zama shugaban makarantar. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san cewa babu mai sauraro mai gaskiya kamar yaro: idan bai gane ba fuskarsa za ta nuna, idan ka tsawaita zai yi hamma a gabanka. Shekara goma sha wani abu da Malam Abubakar ya yi a gaban yara ita ta koya masa ɗaukar abu mai wuya ya gutsuttsura shi, ya jera shi ɗaya bayan ɗaya, ya kuma dakata har sai an haɗiye na farko kafin ya miƙo na biyu.

A wannan zamani ne kuma ya rubuta littafinsa Shaihu Umar, wanda ya shiga gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Abin lura a littafin shi ne yadda aka gina shi a kan malami yana ba ɗalibansa labarin rayuwarsa baki da baki. Tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kunnensa yana kan yadda magana ke sauka ga mai saurare. Daga nan sai ga zauren tattaunawa na Bauchi a farkon shekarun 1940, inda 'yan boko da ma'aikatan En'e ke haɗuwa suna muhawara a kan al'amuran mulki. A can ya yi zama da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, mutane biyu masu kaifin harshe waɗanda ba sa barin hujja mai rauni ta wuce. Wanda ya saba kare ra'ayinsa a gaban waɗannan biyu, majalisa ba za ta razana shi ba. A 1945 ya tafi Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan ya yi shekara guda, ya dawo ya zama jami'in ilmi, aka kuma zaɓe shi wakili a Majalisar Arewa a 1946, daga nan ya wuce Majalisar Dokoki ta ƙasa a Legas a 1947.

A Legas ɗin ne ya yi tuntuɓen da ya daɗe yana binsa. A jawabinsa na 1947 ya nuna cewa haɗin kan Nijeriya a takarda kawai yake, ya kuma yi gargaɗin cewa idan Turawa suka tafi a lokacin, mutanen Arewa za su ci gaba da yaƙin da aka katse musu har su kai bakin teku. Maganar ta yi daidai da tsoron da Arewa ke ciki a wancan lokaci na kada a bar ta a baya, kuma ta ja hankali sosai. Amma Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce. Bayan ziyarar da ya kai Amurka a 1955, yana Ministan Sufuri, domin duba yadda ake zirga-zirgar jiragen ruwa a manyan kogunan ƙasar, ya dawo da tabbacin cewa al'ummu mabambanta za su iya zama ƙasa ɗaya, ya kuma ƙare rayuwarsa yana kare wannan ra'ayi. Duk da haka abokan hamayya ba su daina tono maganar 1947 ba, har yau ma ana tono ta. Darasin farko ke nan ga mai shirin jawabi: jimlar da ta fi jawo tafi a zaure sau da yawa ita ce wadda za ta fi ba ka kunya bayan shekara goma, don haka ita ya kamata ka fi aunawa tun kana gida.

Jawabin da nake ganin ya fi kowanne nuna gwanintarsa shi ne na watan Agustan 1950 a Majalisar Arewa da ke Kaduna. A wannan wata ne aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, ƙasa ta ɗauki zafi a kan mulkin En'e. Malam Abubakar ya tashi ya gabatar da ƙuduri a kan wannan batu da kowa ke tsoron taɓawa, a gaban Turawan mulki waɗanda tsarin nasu ne, da wakilai waɗanda akasarinsu daga En'e suke cin abinci, shi kansa ma a cikinsu yake. Ya yi magana a kan cin hanci da ya zama ruwan dare, da yadda talaka ba shi da ta cewa a sha'anin mulkinsa, da yadda tsarin da ya tara dukkan iko a hannun sarki shi kaɗai ya kauce wa al'adar shawara.

Dubi yadda ya ɗinka maganar. Bai nemi a rushe sarauta ba, bai kuma kama sunan wani sarki ba. Abu ɗaya tak ya roƙa: a kafa kwamiti mai zaman kansa ya binciki tsarin mulkin En'e ya kawo shawarar gyara, a kuma ba jama'a damar tattauna rahoton. Ya zaɓi buƙatar da mai tsoro ma zai iya ɗaga mata hannu ba tare da ya ji ya ci amanar ubangidansa ba. Ƙudurin ya tsallake da ƙyar, da ɗan rinjaye ƙanƙane, amma ya tsallake. Gwamnati ta sa aka yi bincike, aka sauya tsarin sarki shi kaɗai zuwa sarki tare da majalisarsa, aka kuma yi sabuwar dokar En'e a 1954. Masana balaga na Larabawa sun daɗe da cewa ƙololuwar fasaha ita ce magana ta dace da halin da ake ciki. Da ya yi wannan jawabi da zafin da ake yi a dandalin siyasa, da an yaba masa a jarida, ƙudurin kuma ya faɗi. Mai jawabi na gari yakan fara da tambayar kansa abu biyu kafin ya ɗauki alƙalami: me nake so waɗannan mutane su yi idan na zauna, kuma me zai hana su yi? Ni a taron unguwarmu ko ɗaya ban tambayi kaina ba.

Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, ya zama Firayim Minista a 1957, kuma a ranar 1 ga Oktoban 1960 shi ya karɓi takardun 'yancin kai daga hannun Gimbiya Alexandra a filin sukuwa na Legas, wanda yau ke ɗauke da sunansa. Jawabinsa na wannan rana gajere ne idan aka dubi girman ranar, kuma kaso mai yawa na godiya ne, har ga Turawan da ke barin gado. Masu zafin kishin ƙasa sun ga godiyar ta yi yawa, kuma suna da hujjarsu. Amma ya san cewa a daidai lokacin Kwango tana cin wuta wata uku kacal bayan samun nata 'yancin, duniya kuma ta kasa kunne ta ji ko Nijeriya ma haka za ta yi. Ba mutanen da ke filin kaɗai yake yi wa magana ba.

Bayan kwana shida, ranar 7 ga Oktoba, ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a Niyok, ranar da aka karɓi Nijeriya a matsayin ƙasa ta 99. Wannan jawabi shi nake fara ba ɗalibaina idan muna darasin tsarin magana. Tun da farko ya jera manufofin ƙasarsa guda huɗu: zaman lafiya da kowace ƙasa tare da shiga ayyukan Majalisar sosai, rashin kwaɗayin ƙasar kowa duk da yawan jama'ar Nijeriya, riƙe tsofaffin abokai ba tare da zama 'yar amshin shatan wani ɓangare na manyan ƙasashe ba, da haɗa kai da ƙasashen Afirka har sauran su sami 'yanci. Sannan ya ɗauki batu ɗaya mai zafi, wato rikicin Kwango, ya zauna a kansa. Wakilin da ya fita daga zauren zai iya ƙirga manufofin a yatsun hannu ɗaya ya aika wa gwamnatinsu. Wannan shi ne ma'aunin tsari mai kyau, wato mai sauraro ya iya maimaita jawabinka ga wanda bai halarta ba.

Haka ya yi a Adis Ababa a watan Mayun 1963, a taron da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Shugaba Kwame Nkrumah na Gana, wanda shi ma gwanin magana ne na ƙin ƙarawa, ya zo da kiran a kafa gwamnatin Afirka guda ɗaya nan take. Sa Abubakar ya tashi a natse ya kawo akasin haka: a mutunta iyakoki da 'yancin kowace ƙasa, babba da ƙarama, a fara da abin da za a iya taɓawa kamar ciniki da sufuri da sadarwa da ilmi, a hau tsani mataki-mataki. Ya karanci zauren, ya san shugabannin da suka karɓi mulki jiya-jiya ba za su miƙa shi yau ba. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu ranar 25 ga Mayu ta fi kusa da ra'ayin ɓangarensa. Ana iya muhawara har gobe a kan wanda tarihi ya ba gaskiya tsakanin su biyun, amma a kan wanda ya fi fahimtar masu sauraronsa a wannan mako babu gardama.

Bari in sa hular sana'ata in ce wani abu a kan muryar kanta. Duk mai wayar hannu a yau zai iya neman hoton bidiyon jawabinsa a majalisar dokokin Amurka lokacin ziyarar da ya kai wa Shugaba Kennedy a watan Yulin 1961. Ka rufe ido ka saurara. Abin da za ka fara ji shi ne rashin gaggawa. Yana yanka jimla gaɓa-gaɓa bisa ma'ana, ya dakata inda ma'ana ta cika, ba inda numfashi ya ƙare ba. Yana cika ƙarshen kalma, ba ya haɗiye ta. Ba ya ɗaga murya domin nuna muhimmanci. Sassautawa yake yi. Ko da akwai takarda a gabansa, za ka ji mutum ne da ya san abin da ke zuwa a layi na gaba. Kowane shugaba yana da masu taya shi tsara jawabi, wannan ba aibi ba ne. Aibin shi ne abin da muke gani a tarurrukanmu, inda babban mutum zai fara haɗuwa da jawabinsa a kan mumbari, yana tuntuɓe da kalmomin da wani ya zuba masa, yana neman shafi na gaba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan halaye na Sa Abubakar da ke bukatar muryar zinare. Abin da suke bukata shi ne mutum ya kulle ɗaki ya karanta jawabinsa da ƙarfi sau uku ko huɗu, agogo a gefe, ya soke duk jimlar da harshensa ya sarƙe a cikinta.

Mu masu harsuna biyu ko uku akwai ƙarin nauyi a kanmu. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere, kuma mai gaggawa yakan tattake su har ma'ana ta rikice. Sannan akwai cutar sirka Turanci a tsakiyar jimlar Hausa, wadda a wurin ɗan boko alamar wayewa ce, a wurin tsohuwar da ta baro gonarta ta zo taro kuwa ƙofa ce aka rufe mata. Ka zaɓi harshen da mafi ƙarancin karatu a zauren zai gane, ka tsaya a kansa.

Ba zan yi wa mai karatu adalci ba idan na tsaya a yabo. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce, Aristotal na ƙasar Girka ya lissafa abubuwa uku da ke sa jawabi ya yi tasiri: hujja, da motsa zuciya, da halin mai maganar. Na ukun shi ne babban jarin Sa Abubakar, domin har abokan adawa sun shaide shi da gaskiya da rashin tara abin duniya. Amma amincewar jama'a tana ɗorewa ne muddin aiki na bin magana. Bayan rikicin zaɓen tarayya na Disamban 1964 da zaɓen Jihar Yamma na Oktoban 1965, ana ƙone-ƙone ana kashe-kashe a ƙasar Yarbawa, Firayim Ministan da ya kafa dokar ta-ɓaci a wannan jiha a 1962 bai ɗauki irin wannan mataki ba a wannan karo. A cikin Janairun 1966 ya jagoranci taron shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas a kan batun Rodeshiya, duniya ta yaba da yadda ya tafiyar da shi, alhali wuta na ci 'yan mil kaɗan daga zauren. Kwanaki kaɗan bayan tashi daga taron, daren 15 ga Janairu, sojoji masu juyin mulki suka ɗauke shi daga gidansa. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanya a wajen Legas, aka kai shi Bauchi aka binne. Yana da shekara 53. Babu abin da zai halatta wannan kisa. Sai dai akwai darasi mai ɗaci a cikin watannin nan na ƙarshe: akwai lokacin da jama'a ba kalma suke jira ba, kuma muryar da ta fi kowace daɗi ba za ta cike gurbin hukuncin da ba a yanke ba.

A yau hotonsa na kan takardar naira biyar, jami'ar tarayya da ke Bauchi na ɗauke da sunansa, muna kuma tura wa juna guntayen jawabansa a waya muna cewa an yi mutane. Alal haƙiƙa kewa ba ta isa ba. Mu likitoci da lauyoyi da malamai da injiniyoyin Arewa, mu ne ake miƙa wa lasifika a taron ƙungiyar gari, da zaman sulhu tsakanin manoma da makiyaya, da gaban kwamitin majalisa idan ana rabon kasafi. A irin waɗannan wurare rufin aji, ko hanyar da ta lalace, ko ran wani, kan rataya ne a kan ko wanda aka tura ya iya faɗin abin da aka aike shi cikin minti goman da aka ba shi. Idan ya ƙarar da bakwai a gaishe-gaishe da kirari, al'ummarsa ce ta yi asara.

Ni dai tun daga ranar da kawu ya yi mini waccan tambaya, duk jawabin da zan yi nakan fara rubuta abin da nake roƙo a layi ɗaya a saman takarda. Idan layin ya ƙi rubutuwa, na san ban shirya ba, sai in ba masu taro haƙuri.

Allah Ya jiƙan Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauran magabatanmu, Ya ba mu ikon auna magana kafin mu furta ta.